Takalmin Aiki ga Masu Jinya

Ma'aikaciyar jinya ko ungozoma, a Toranke ne ko a Babban Asibitin Gaya, takan wuni a tsaye bisa daɓen siminti. Da yawansu suna kuka da ciwon diddige, musamman takun farko da safe. Sau da dama takalmi ne sanadi.

Silifas ba takalmin aiki ba ne. Ba ya riƙe ƙafa, yana santsi in daɓe ya jiƙe, kuma allura ko jini na iya faɗa wa ƙafa. A nemi rufaffe.

Yanzu ana yayin wani takalmi marar nauyi, marar tudun diddige, mai faɗin baki da siririn tafi. Faɗin bakin yana da kyau ƙwarai, gama yatsu suna sakewa. Siririn tafin ne abin lura. Wadda ta saba da mai tudu, in ta sauya rana ɗaya, agara da sharaɓa za su yi tsami. Ta fara da awa 1 ko 2 a rana, tana ƙarawa cikin makonni. Wadda diddige ya riga ya dama kuwa, gara ta zaɓi mai ɗan laushi a ciki.

A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. In na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai a Kano, a juya shi a duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya a bar shi. Mai ciwon suga ta fara nuna wa likita ƙafarta.