Ruwan Randa da Ruwan Rijiya: Yadda Manhaja ke Sabunta Abin da Ta Ajiye

Duk sa'ad da mutum ya buɗe manhajar intanet a wayarsa, asalin bayanan da yake gani suna can a wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda ta yiwu ma tana wata ƙasa. Aika mata tambaya da jiran amsa na cin lokaci da kuɗin data. Don haka masu gina manhaja suka ari dabarar da kowace uwargida ta sani: ba a zuwa rijiya duk lokacin da aka ji ƙishirwa, randa ake cikawa. Randar manhaja ita ce ma'adanar wucin-gadi, wato inda take ajiye kwafen abin da ta riga ta ɗebo.

Cika randa ba shi da wuya. Aikin yana wajen gane lokacin da ruwan ya kwana.

Mu ɗauki misalin makaranta mai manhajar sakamakon jarrabawa. Malama ta lura an shigar wa wata ɗaliba maki 45 a lissafi, alhali 65 ta ci, sai ta gyara. Uwar garke ta karɓi gyaran. To amma a kwamfutar malamar tsohon makin yana nan a jerin sunayen aji, yana shafin ɗalibar, ya kuma shiga cikin matsakaicin makin aji. Idan ɗalibai 40 ne, ƙarin maki 20 zai ɗaga matsakaicin da rabin maki, kuma yana iya sauya matsayin yarinyar a aji. Mai gina manhaja yana iya rubuta umarnin da zai bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Wannan zai yi aiki har ranar da wani ya ƙara shafin takardar sakamako ya manta bai sa shi cikin jerin ba. Ranar nan malama za ta buga takarda mai ɗauke da 45, yarinya ta kai wa iyayenta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a daina bin kwafe ana gyara shi da hannu. A ba kowane abin da aka ajiye suna, alal misali "aji biyu, lissafi, jeri" da "aji biyu, lissafi, matsakaici". Da zarar an yi gyara, sai a ba da umarni guda: duk abin da sunansa ya fara da "aji biyu, lissafi" ya tsufa. Wanda ke kan allo a sake ɗebo shi nan take, sauran su jira sai an buɗe su. Shafin da aka ƙara daga baya shi ma zai shiga, muddin an raɗa masa suna bisa tsari. Haka TanStack Query ke aiki, wani kayan gina manhaja da Tanner Linsley ya fitar a 2019 da sunan React Query. A shekarar ce kuma SWR ya fito, wanda ya samo sunansa daga wata ƙa'ida ta 2010 da ta yarda a nuna tsohon kwafe na ɗan lokaci yayin da ake neman sabo.

Mai karatu zai ce ai sake ɗebowa asarar data ce. Haka ne, sai dai ba sosai ba. Tun 1997 ƙa'idar HTTP/1.1 ta tanadi wani hatimi mai suna ETag da uwar garke ke liƙa wa amsarta. Na'ura takan mayar da hatimin ta tambaya ko abin ya sauya. In bai sauya ba, sai a ba ta gajeriyar amsa mai lamba 304, ba tare da an sake turo komai ba.

Akwai wata hanyar, wadda Apollo Client ke bi: a ajiye bayanin kowace ɗaliba sau ɗaya tak a ƙarƙashin lambarta, duk shafuna su riƙa dubawa can. Gyara ɗaya ya isa ko'ina. Amma matsakaicin da uwar garke ta lissafa ba zai gyaru da kansa ba, dole dai a koma rijiya.

Wasu manhajoji kuma kan nuna gyara tun kafin uwar garke ta amsa, in ta ƙi sai su janye. A ganinmu wannan ya dace da ƙananan abubuwa irin danna alamar so a ƙarƙashin hoto. Makin ɗaliba da kuɗin mutane kuwa, gara a jira tabbaci.

Malamin da ke da kwamfuta yana iya nuna wa ɗalibai wannan da idonsu. Ya buɗe wani shafi a Chrome ko Firefox, ya danna F12, ya zaɓi sashen da ke nuna zirga-zirgar saƙonni, sannan ya sake loda shafin. Ɗalibai su ƙirga amsoshi nawa ne suka zo da lamba 304, nawa ne kuma aka ɗauko kai tsaye daga ma'adana.