Domyaku: Jijiyar Jini Mai Motsi a Harshen Likitocin Japan

Domyaku (動脈) shi ne sunan da likitocin Japan ke kiran jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta kai shi sassan jiki. Haruffa biyu aka haɗa: do na nufin motsi, myaku kuma jijiya ko bugunta. Wadda ke mayar da jini zuwa zuciya ana ce mata jomyaku, wato jijiya mai natsuwa, don ba ta harbawa idan an ɗora mata yatsa.

Kalmar domyaku ta bazu ne ta littafin Kaitai Shinsho na 1774, wanda Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku da abokan aikinsu suka fassaro daga harshen Holanci, kan yadda aka ƙera jikin ɗan Adam.

A asibiti akan liƙa wa kalmar wani harafi don fayyace wace jijiya ake nufi. Daidomyaku ita ce uwar jijiyoyi mai fitowa daga zuciya, kandomyaku su ne masu ciyar da tsokar zuciyar kanta, keidomyaku kuwa ta wuya ce. Domyaku koka na nufin ƙandarewar jijiya, wadda hawan jini da ciwon sukari da shan taba ke ingizawa. Akwai kuma cutar Takayasu, wadda ta ci sunan Mikito Takayasu, likitan ido da ya kawo rahotonta a 1908. Kumburi ne a babbar jijiya da rassanta, ya fi kama 'yan mata da matan da ba su manyanta ba, har a nemi bugun jini a hannu a rasa.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne haidomyaku, jijiyar huhu. Domyaku ce, tunda daga zuciya take fita, amma jinin da ke cikinta bai sha iska ba tukuna. Alkiblar jini ake dubawa wajen raɗa suna, ba launinsa ba.

Tafinta kuma sai ya kasa kunne sosai, domin domyaku da jomyaku sun yi kama a baki. Allurar jijiya ta yau da kullum, jochu, a jomyaku ake yin ta. Dochu kuwa cikin domyaku take shiga, kuma aikin ƙwararru ce: wasu magungunan idan suka faɗa can bisa kuskure suna iya kashe yatsu. Bahaushe yana kiran duka biyun jijiya, har da agara da lakar da ke kai saƙo, don haka dole mai fassara ya ƙara bayani.