Roba biyu a bakin filta: juyen mai a gida ya kashe Hilux a Bader Goula

Da igiya aka jawo ta zuwa Dakoro, tsohuwar Hilux mai shan gas, bayanta har da sauran kashin awaki. Mai wannan rubutu, wanda gyaran injin gas ne abincinsa, ya san motar tun ba yau ba. Ita ke kwasar ƴan kasuwa da buhunan hatsi da wake daga ƙauyukan Bader Goula ran kasuwa, kuma mai ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo wa mace da gardama, a garzaya da ita asibitin Dakoro. Injin ya kwana biyu, amma kafin wannan rana lafiyarsa ƙalau. Ba ya hayaƙi, ba ya shan mai.

Mai motar, dattijon da kowa ke kira Alhaji, ya sauko jiki a sanyaye.

"Maigida, ƙara ta yi ƙwal-ƙwal ta tsaya. Kuma jiya-jiya aka yi mata bidanji, aka juye mata mai."

"Wa ya yi, Alhaji?"

"Ɗan nan, a gida," ya nuna yaron motarsa, wanda ya raɓe jikin ƙofa yana kallon ƙasa.

Makanikin ya zaro geji, a bushe. Ya leƙa ƙarƙashi, sai ga sawun mai ya taso daga wajen filta ya wanke cikin motar har kan aksul na baya, ƙura ta lulluɓe shi. Ya sa hannu ya kwance filta, sabuwa fil, sai roba biyu suka bayyana: ta tsohuwar filta ta bushe ta manne a fuskar inji, ta sabuwar kuma tana samanta, ta murɗe ta ɓullo ta gefe guda.

Labarin bai yi wuyar haɗawa ba. Daren kasuwa ne, an dawo a makare, Alhaji ya ce lallai a juye mai kafin tafiyar asuba. Yaron ya shiga ƙarƙashin mota bayan isha'i, fitilar waya a baki, a kan yashin ƙofar gida. Ya cire tsohuwar filta ya wurgar ba tare da ya dubi bakinta ba, bai goge mazauninta ba, ya ɗora sabuwa ya ɗaure. Ya zuba mai, ya tayar da inji na ɗan lokaci, ya kashe. Idan ma ta fara ɗiga a lokacin, yashi ya shanye, duhu ya rufe sauran. Da asuba aka yi lodi har sama. Inji ya ɗau zafi, yana ta nishi cikin rairayi da ƙaramin giya, ƙarfin mai ya tura robar waje, kusan lita bakwai suka tsiyaye a hanya. Jar fitilar mai ta kama. Direban motar ya gan ta, da bakinsa ya faɗa, amma ya ce a ransa bari dai a kai gari.

Ba a kai ba. Da aka sauke kaskon inji a garaji, burbushin ƙarfe na ƙyalli cikin ragowar man. Metal ya narke ya kama karanshaf, wuyan karanshaf ya koma shuɗi saboda wuta. Sai da aka kai shi Maraɗi wajen masu yanka, aka nemo metal da ringi da gasket, Alhaji ya fitar da bijimi da raguna ya sayar kafin motar ta sake taka ƙasa. Duk tsawon zamanta a garaji, mai mara lafiya a ƙauyen sai ya nemi amalanken jaki ko babur.

Abin da ya ƙona ran makanikin shi ne, ba a yi rowa ba. Mai mai kyau aka saya, filta mai kyau aka saya. Dubawar minti ɗaya ce ba a yi ba.

Kada a ce masu garaji na kare cinikinsu ne. Mutumin Bader Goula ba zai ƙona gas zuwa Dakoro ya dawo don juyen mai kawai ba, balle tun rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da kayan mota suka yi tashin gwauron zabo, kowa ya koyi tattali. Juye a gida ba laifi ba ne, ga sharaɗinsa. A dubi bakin tsohuwar filta. In ba roba a jikinta, tana manne a inji, a ɓamɓaro ta. A goge mazaunin. A shafa wa sabuwar robar mai da ɗan yatsa. A ɗaure da hannu, ba da sarƙa ba. A tayar da inji a leƙa ƙasa da rana tsaka, da kwali a shimfiɗe. Jar fitila ta kama, a kashe inji nan take, ko a tsakiyar daji ne.

Maganar fitilar nan sai an maimaita ta, don ita ta fi cin injuna a wannan yanki. Inji ba ya yin mintuna da yawa babu mai, musamman da lodi a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Akwai kuma ƴan dagaji masu kiran kansu makanikai, waɗanda idan aka kawo musu mota fitilar na ƙiftawa, sai su zare wayarta su ce an gyara. Wannan ba gyara ba ne, cuta ce, kuma Allah zai tambaye su. Su ne dai masu sa bututu a sifana su ɗaure notin kasko har zare ya tsinke, sannan su naɗe shi da leda ko tsumma su sallami mutum. Su ne masu zuba kananzir ko gas a inji su tayar wai suna wanke shi. Washa ta noti kuwa, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, sai a ga an maimaita ta har ta zama takarda.

Sai man kansa. Matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011 fetur da gas da iskar girki take fitarwa, ba man inji ba. Yawancin galan ɗin da ke kasuwanninmu daga waje yake shigowa, kuma a hanya ake cusa na jabu. Akwai masu tattara tsohon mai su tace, su ɗura a galan mai suna, su manna marfi. A dubi hatimin marfi, a shinshina. Man da ke warin ƙuna ko ya yi duhu tun a galan, an riga an sha shi. Wanda ake aunawa daga duro a kwalba a bakin kasuwa, buɗe ga iska da ƙura, ba na injin da ake so ba ne. Injin gas irin na Hilux da Land Cruiser 15W-40 yake so, mai alamar API CH-4 ko CI-4 a baya. Wanda aka rubuta wa SL ko SN kaɗai na fetur ne. Galan in ya ƙare a huda shi kafin a yar, don kada ya dawo kasuwa cike da dagwalo. Filtar jabu ma ta yi yawa, ba nauyi a hannu, takardar cikinta ƴar kaɗan.

Masu cewa littafin mota ya ce kilomita 10,000 su sake karantawa. Littafin Toyota ɗin nan ya rage wa'adin ga motar da ke aiki cikin ƙura da lodi, kuma a yankin nan babu hanyar da ta fi ta kwarin Tarka ƙura a lokacin hunturu. Kilomita 5,000, mai da filta tare. Ba a canja mai a bar tsohuwar filta wai sai karo na gaba. Filtar iska a kakkaɓe ta, in ta yage a sauya. A rubuta lambar kilomita a jikin ƙofa, don "ina jin watan jiya ne" ba lissafi ba ne.

Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai a kan yashi. Jak na nutsewa. Hilux da Land Cruiser ma suna da tsayin da ba sa bukatar ɗagawa. Man da ya fito daga inji mai zafi yana saluɓe fata, a bari ya huce kaɗan. Kuma dai, ba a yin wannan aiki da dare.

Baƙin man da aka juye shi ne abin da aka fi wasa da shi a nan. Ana tuttular da shi a bayan gida, wani lokaci dab da rijiya, a ƙasar da mutum da raƙumi da saniya ke sha daga rami ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Makiyaya kan zo garaji da kwalba suna roƙo, su shafa wa raƙumi mai ƙazuwa ko jaki mai gyambo. Mai wannan rubutu ba ya bayarwa, ko ran mutum zai ɓaci. Man na ɗauke da dattin ƙarfe da gubar ƙuna, dabba na lasa, kuma an tabbatar yawan zamansa a fata na iya jawo kansa. Maganin ƙazuwa na wajen likitan dabbobi. Wanda ya juye a gida ya tara a jarka mai marfi, nesa da yara da randar ruwa, ya ɗaure tsohuwar filta a leda, in zai shigo Dakoro ya taho da su garaji a karɓa.