Kada Ki Jira Zuciya Ta Tashi

'Yata, mai sunan Inna,

 

Daren jiya maigidanki ya kira ni, muryarsa duk ta dushe. Ya ce bayan ƙarin ruwan kemo na farko kwana huɗu kika yi babu abin da ya zauna miki a ciki, ko kurɓin ruwa, har kika ce kin yafe sauran, a bar ki da ciwonki. Ban ga laifinki ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya, na riƙe wa mata tasa ba adadi, na san yadda amai yake sa babban mutum ya raina kansa. Sai na yi masa tambaya guda: da kuka koma gwajin jini, me kika gaya wa likita? Ya ce cewa kika yi, “Alhamdu lillahi, da sauƙi.” Abin da ya hana ni barci ke nan, har na ɗauko biro.

Godiya ga Allah ba ta da lokacin dainawa. Amma “da sauƙi” amsar masu dubiya ce, likita kuwa ba dubiya ya zo ba. Mu muka rene ku a kan kunya da dauriya, muka koya muku cewa mace ba ta raki, har a kan gwiwa. A wannan ɗakin dai ki ajiye tarbiyyar nan a bakin ƙofa tare da takalminki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kika ce lafiya, abin da ya rubuta miki a zagayen farko shi zai maimaita a na biyu, ki sake shan wahalar da kika sha.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a cikinki, don abin da mutum ya gane ba ya firgita shi kamar wanda bai gane ba. Maganin kemo yana farautar ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa ne, domin haka ƙwayoyin cutar kansa suke. To amma ba su kaɗai ke da wannan hali ba: na tushen gashi haka suke, na ɓargo haka, na fatar cikin hanji ma haka. In maganin ya taɓa hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari da ake kira serotonin, shi kuma ya taɓo wata doguwar jijiya da ta tashi daga ciki har gindin ƙwaƙwalwa. A can kuma akwai wani ɗan wuri mai aikin gadi, yana ɗanɗana jini yana neman guba. Su biyun sai su yi ƙararrawa tare, jiki ya ɗauka kin ci wani mugun abu, ya shiga ƙoƙarin fitar da shi ta baki, alhali ta jijiya ya shiga.

Saboda haka duk wadda ta ce miki “ai ciwon ne yake fita”, ki yi mata godiya ki bar mata zancenta. Ƙarin da ke nono ba ya biyo amai. Haka wadda ta ce maganin ne bai karɓe ki ba. Yawan amai ba ya nuna magani yana aiki, rashinsa ba ya nuna ba ya yi. Wahala ce kawai ta gefen hanya, kuma tana da magani.

Ke kam abubuwa sun haɗe miki. Jan ruwan nan da ake tura miki da sirinji, doksorubisin, in aka gama shi da ɗan'uwansa saiklofosfamaid kamar yadda ake yi wa masu kansar nono, yana cikin mafi tayar da zuciya: in ba a ba da rigakafi ba, fiye da mutum 9 cikin 10 sai sun yi amai. Sannan an lura abin ya fi kama mata, da waɗanda ba su kai shekara 50 ba, da mai amai a mota, da wadda ta sha laulayin ciki. Na tuna cikinki na fari, da ko warin albasa ba kya shaƙa. Wani abin dariya ma, wanda bai saba shan giya ba ya fi mashayi shan wuya a nan. Wannan kam mun karɓa da hannu biyu. Ba rauninki ba ne, kuma ba ƙarancin tawakkali ba ne. Ki lissafa wa likita waɗannan duka, suna canja abin da zai rubuta.

Lokacin da na fara aiki, ba mu da abin kirki da za mu ba mutane. A 1983 an tambayi masu karɓar kemo a Ostireliya abin da ya fi gallabarsu, amai ya zo na ɗaya, tashin zuciya na biyu, sun sha gaban zubewar gashi. Sai wajen 1991 ondansetiron ya shigo, wanda ke toshe hanyar serotonin ɗin nan, aka samu sa'ida. Yau akan haɗa shi da dekzametazon, wani lokaci a ƙara afirefitan ko olanzafin. Da irin wannan haɗi mafi yawan mutane suna wuce zagayensu ba su yi amai ba, ko da zuciya ta ɗan motsa. In an rubuta miki olanzafin, kada wani mai kemis ya tsorata ki da cewa maganin taɓin hankali ne. Asalinsa haka ne, amma ɗan kaɗan ake bayarwa da dare na 'yan kwanaki, yana kwantar da zuciya sosai, ga shi da araha. Barci kawai zai sa ki. In kuɗi ne suka yi wuya, wannan ma ki faɗa, kada ki sayi rabi ki yi shiru. Likita ya san mai tsada, ya san mai sauƙi.

Ga inda kika yi kuskure, ke da mata dubu. Maigidanki ya ce an ba ki ƙwayoyi ki tafi da su gida, kika ajiye, kika ce sai kin ji zuciya ta tashi. Tashin zuciyar kemo zuwa biyu yake yi. Na farko cikin sa'o'i 24 na ranar ƙarin ruwa, shi ne ake tarewa da allurar da ake yi miki kamar rabin sa'a ko sa'a guda kafin a sa ruwan. Na biyu ɗan sari-ka-noƙe ne: sai kin koma gida kin ce an tsira, ya sauko a rana ta biyu ko ta uku, ya iya kaiwa ta biyar. Ƙwayoyin gida dominsa aka ba ki. Da agogo ake shansu, ko kina jin garau. Mai gini ba ya jiran hadari ya haɗu kafin ya yi yaɓe. In aman ya riga ya fara, ƙwayar ma ba za ta zauna ba balle ta yi aiki. Ki ɗaura su da lokutan salla, ki sa babbar 'yarki ta riƙa tuna miki. In kika amayar da ƙwaya, kada ki ninka da kanki, ki buga waya ki tambaya. Akwai mai narkewa a kan harshe, akwai ta allura.

Su ma magungunan suna da halinsu. Ondansetiron yana ɗaure ciki, ya sa ciwon kai, ciki in ya ɗaure kuwa shi ma tayar da zuciya yake, don haka kwana biyu ba bayan gida abin faɗa ne. Dekzametazon yana hana barci, yana ɗaga sukari, da safe ake shansa bayan an sa wani abu a ciki. Maganin aman nan Plasil, in an ba ki shi ya sa ki kasa zama wuri ɗaya ko wuya ya sanƙare, ki dakata da shi ki nemi likita a ranar.

Akwai kuma tashin zuciya na uku, wanda nake so mu riga shi. Na ga matan da tun daga ƙofar asibiti, ko da jin warin sifirit, ko ganin jan zobo a kofi, sai amai, ba a ma taɓa su ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba ƙarya suke ba, ba kuma iska ba ce, jiki ne ya haddace darasi. Maganinsa na gaskiya shi ne kada a bari zagayen farko-farko su yi muni, shi ya sa na matsa a gyara tun yanzu. In kin ji alamarsa, ki faɗa, akwai ƙwayar da ake bayarwa tun daren jajibiri. Ranar kuma ki tafi da abin sauraro a kunne, karatun da kika fi so, ki riƙa jan numfashi a hankali ta hanci kina saki ta baki.

Sai zancen gida, wanda ya fi na asibiti wuya, don a nan kowa likita ne. Hanci shi ne babbar ƙofar tashin zuciya. Na san ki da turaren wuta da humra, amma a kwanaki biyar ɗin nan a ɗauke kasko daga ɗakinki. Masu dubiya su yi haƙuri su bar turarensu a gida. In kina jin nauyin faɗa, ki ce goggonki ce ta hana, ni ba na jin kunyar kowa a kan wannan. A yi girki nesa da tagarki. Suya, man shanu, daddawa, miya mai maiƙo da yaji, duk su jira. Abinci in ya huce ƙamshinsa yana raguwa, don haka ki bar shi ya sha iska.

Kada ki zauna da yunwa, wofin ciki ya fi tashi. Kada kuma a cika miki kwano a tsaya a kanki ana “daure ki cinye”. Loma uku yanzu, loma uku bayan sa'a biyu. Da asuba, kafin ki sauko daga gado, ki ɗan ci busasshen burodi ko biskit ɗin kabin. Da rana koko marar kauri, kunun tsamiya, farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, romon kaza da aka kwashe kitsensa. Ruwa kurɓi-kurɓi tsakanin abinci, ba a kansa ba. Shayin citta marar ƙarfi yana taimaka wa wasu, haka shinshina ɓawon lemon tsami, sai dai 'yan rakiya ne, ba sa maye gurbin ƙwaya. In baki ya koma ɗanɗanon ƙarfe, ki ajiye cokalin ƙarfe ki ɗauki ludayin duma ko na roba, ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Bayan cin abinci ki jingina da matashi kamar sa'a guda, kada ki kwanta miƙe, ki sassauta ɗaurin zani.

Wata dabara da tsofaffin ma'aikata suka koya min: ranar ƙarin ruwa kada ki ci abincin da kika fi ƙauna. In kika amayar da shi, ranki zai tsane shi wata da watanni. Ki ɓoye dambun nan naki sai mako na uku, lokacin da baki ya dawo, ki ci ki mayar da abin da kika rasa.

Fura da nonon talla kuwa, da ɗanyen ganye, da duk abin da aka saya a bakin titi, ki yi musu sallama tukuna, musamman daga rana ta 7 zuwa ta 14 bayan ƙarin ruwa, lokacin da sojojin jini suke ƙasa. In kina marmari, a dama miki da madarar da aka tafasa a gida. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da za a yi ta kawo miki don ƙauna, ki karɓa ki yi godiya, amma kada ki sha sai likita ya gani. Hanta da ƙodarki suna da aikin da ya ishe su, maganin wankin ciki kuwa a wannan hali ganganci ne. Azumin Litinin da Alhamis da kika saba, ki ɗaga shi. Wanda ya wajabta na Ramadan ma ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kwana huɗun nan naki shi ne bushewar jiki. A ajiye ledar gishiri da sukari ta kemis a gida. In babu, a juye fiya wata leda biyu, lita ɗaya ke nan, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, ki riƙa sha cokali-cokali. Amma in kika yini kika kwana ruwa bai zauna ba, ko amai ya wuce sau huɗu ko biyar a yini, ko fitsari ya ƙaranta, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kika ga jini ko baƙi-baƙi a cikin aman, ko ciki ya murɗa da tsanani, to asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne. Zazzaɓi ma haka: ma'auni ya nuna 38, ba a shan farasitamol a kwanta, ba a cewa maleriya ce a jira gari ya waye. Jan fitsari na kwana ɗaya ko biyu bayan jan ruwan kuwa launin maganin ne, kada ya dame ki. Mai kwashe tasa ta sa safar hannu a kwana biyun farko, ta zuba a masai ta wanke da sabulu, a hana yara taɓawa, don akwai ragowar magani a ciki.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa: ranar da abin ya fara, sau nawa, me kika sha, me ya zauna. Shi za ki miƙa wa likita a maimakon “da sauƙi”. Kwana 21 da aka sa tsakanin zagaye da zagaye ba da ka aka yanka ba: an auna ne yadda jikinki zai farfaɗo, ciwon kuwa bai samu sararin miƙe ƙafa ba. In kika tsallake, shi kika ba hutu.

Na kuma gaya wa maigidanki kada a sake ɗora ki a motar haya a kama hanyar gida da la'asar ɗin ranar ƙarin ruwa, cikin zafi da warin fetur da ramuka. Ku kwana a gidan ƙanena da ke kusa da asibitin, na riga na yi magana da matarsa, ta share ɗakin da ke nesa da madafi. Ni ma zan taso ranar Talata in Allah ya kai mu, mu shiga wurin likitan tare. Ke za ki yi bayani da bakinki, ni ina gefe. In na ji kin fara “da sauƙi”, zan taka miki ƙafa. Zan taho da citta da tsamiya, da ludayin Inna da yake wurina.

Ki gaishe min da yaran.

Goggonki.