Sanya Allon Cajin USB a Injin Aski: Matakai da Abubuwan Lura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake farfaɗo da injin aski da batirinsa ya mutu, ta hanyar sanya masa batirin litiyam da allon caji na TP4056, tare da bayyana kurakuran da kan ƙona injin ko su jawo gobara.

1.0 Gabatarwa

Yawancin tsofaffin injinan aski suna aiki ne da batirin NiCd ko NiMH, guda ɗaya ko biyu, kowanne mai ƙarfin folt 1.2. Sau da yawa batirin kan gaji alhali moto da wuƙaƙen suna nan lafiya. Ga wanzamin da ke fama da ɗaukewar wuta, injin da zai sha caji da cajar waya ko ƙaramar sola abin nema ne.

2.0 Yadda Allon Yake Aiki

Allon yana karɓar folt 5 daga USB, ya cika batirin litiyam guda ɗaya har zuwa folt 4.2. Da farko yakan tura wuta daidai gwargwado, sannan ya rage ta sannu a hankali, ya yanke idan ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma. Jar fitila tana nuna ana caji, shuɗiya ko koriya kuma an cika. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ɗauke da kariyar DW01A, domin yana hana batiri zuƙewa ƙarƙaf.

3.0 Matakan Haɗawa

Da farko a cire tsohon batiri da tsohuwar hanyar cajinsa gaba ɗaya, domin wannan allo ba ya cajin NiMH. Sai a zaɓi batiri mai lamba 14500, wanda girmansa ɗaya da na AA. A liƙa wayoyinsa da dalma a B+ da B-, na makunni da moto kuma a OUT+ da OUT-. Wajibi ne a auna da mita kafin liƙawa, saboda juya ƙafafun batiri yana ƙona allon nan take.

4.0 Abubuwan Lura

Babbar matsala ita ce bambancin ƙarfi. Moton da aka ƙera don folt 1.2 ko 2.4 zai yi gudu fiye da kima, ya yi zafi, idan aka ba shi folt 4.2. Maganin haka shi ne sanya ƙaramin allon rage ƙarfi tsakanin OUT da moto. Haka nan, allon yakan zo a kan amfiya 1, abin da ya yi wa ƙaramin batiri yawa. Musanya rizistansa mai kilo-om 1.2 da mai kilo-om 2 yana saukar da wutar zuwa kimanin miliamfiya 580. Kada a yi aski ana cikin caji, domin allon ba zai gane lokacin yankewa ba.

5.0 Kammalawa

Gyaran ba shi da tsada, amma nasararsa ta rataya ne a kan daidaita ƙarfin batiri da na moto, da kuma toshe ramin USB don kada danshi da gashi su shiga.