Shekara Nawa Gare Ka a Duniyar Mas?

A darasin nazarin ma'ana na fara lura cewa kalmar "shekara" ba jikin mutum take aunawa ba. Kewayen da duniyarmu ke yi wa rana ne cikin kwana 365. Duniyar Mas kuwa sai ta ci kwanakinmu 687 kafin ta kammala nata. Ke nan ɗan shekara 40 a nan kimanin 21 gare shi a can, amma furfurarsa tana nan daram.

Tsawon yanayi shi ke sauya halitta. Dubi gaiwa: idan tafki ya ƙafe, sai ta shige laka ta kwanta har damina. Da raninmu zai ninka tsawo, ina ganin irinta ce za ta yi ta yaɗuwa, sauran kifayen tafki su ƙare.