Ranar Fita da Abokai: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Tun muna samari 'yan majalisarmu kan ware Asabar ɗaya bayan kowace Sallah: a yi wasa, a kalli fim, a ci mai daɗi, a dawo. Na ga fitar da aka dawo ana dariya har ƙofar gida. Na kuma ga wadda kowa ya tari A Daidaita Sahunsa daban, ba mai ce wa wani sai da safe. Duk sanda na bi diddigi, sai na tarar halin mutum ɗaya ne ya ɓata wa tara rana. Don haka ga sharuɗɗa, kuma ba shawara ba ce.

A gama maganar kuɗi kafin a sa takalmi. Wannan shi ne uban sauran. A yanke abin da kowa zai bayar, a yi karo-karo, a danƙa wa mutum ɗaya wanda ba ya jin nauyin lissafi. In aka bar zancen sai an ƙoshi, ga abin da za a gani: mai tsire ya miƙo takarda, wani ya kara waya a kunne ya ja gefe alhali ba wanda ya kira shi, wani ya shiga lalube aljihun da ya san ba komai a ciki, na uku ya ɗaga waya yana nuna wa kowa cewa bankinsa ba netwok. Daga ƙarshe wanda ya fi kowa kunya shi ke biya, kuma sau da yawa shi ya fi kowa ƙaramin ƙarfi. Na taɓa ganin wani abokinmu ya biya da kuɗin cefanen gidansa, bai ce uffan ba, amma bai sake fitowa da mu ba. Wanda ba shi da hali a wannan karon ya raɗa wa ma'aji, a rufa masa asiri. Kai kuma mai hali, in za ka ɗauke wa kowa nauyi, faɗa tun da wuri, sannan kada mu ji zancen a bakinka bayan wata uku. Naman da za a yi wa mutum gori da shi, gara awararsa ta kansa.

Kada ka ce "ga ni nan a hanya" kana riƙe da bokitin wanka. Minti ashirin ake jira, a tafi.

Kada ka jawo wanda ba a san da zuwansa ba. Lissafin mutum takwas aka yi, mota biyu, tire biyu. Ɗan uwan matarka da ya zo daga Zariya mutumin kirki ne, mun yarda, amma ka faɗa tun jiya.

A tsara rana a kan lokutan sallah, ba a cusa sallah a ragowar lokaci ba. Tsakanin Azahar da La'asar bai isa fim ɗin Indiya ba. Sholay na 1975 kaɗai ya haura awa uku, kuma 'yan uwansa da yawa haka suke. Dogon fim da hantsi ake sa shi, a gama kafin kiran Azahar, a yi jam'i, a ci abinci, yamma ta zama ta wasa.

Kada a sa kuɗi a wasa, ko na sisi. Har da "wanda aka ci ya sayi lemo", don da lemo ake farawa a ƙare da jinginar waya. Caca ce, sunanta ke nan.

A daidaita ƙa'ida kafin a raba kati. Kowace unguwa da irin Whot ɗinta. An san biyu ɗaukar biyu ce, sha huɗu kowa ya je kasuwa, ashirin kuma mai ita ya nemi abin da yake so, amma biyar fa, ana ɗaukar uku ko ba a ɗauka? Ana tare biyu da wata biyun? Wannan gardamar ta cinye yammaci ɗaya cur a gabana, manyan mutane masu gemu suna rantse-rantse a kan kwali. Haka lido: a faɗa tun farko ko ɗa biyu a gida ɗaya suna tare hanya. Ni dai da za a bi ta tawa, dara za a haƙa a ƙasa, rami talatin, kowa da 'ya'yansa sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin karawa. Ba wuta take buƙata ba, ba janareto, kuma ba a dogara da sa'ar ɗan lido. Amma na san an fi ni yawa, yaran yanzu PlayStation suke so. To, wanda aka ci ya miƙa hannun wasan ba tare da "bari in rama" ba, kuma ba kullum mutum ɗaya ne zai riƙe Madrid ba. A teburin snuka, kada ka tsaya a kan mai bugu kana koya masa abin da bai tambaye ka ba.

Tsokana halal ce, ita ce gishirin zaman. Iyakarta wasan da ake yi. Ba a kai ta kan matar mutum, ko rashin aikinsa, ko rashin aurensa.

A zaɓi fim tun a gida, kuma a zaɓi wanda ba zai sa a sunkuyar da kai ba in akwai ƙannen wani a wurin. Kada ka ba da labarin abin da zai faru. Wanda ya riga ya gani ya ja bakinsa ya yi shiru, ko da jarumin mutuwa zai yi. Iyayenmu da suka yi zamanin gidajen sinima na Plaza da Orion da El-Dorado suna ba da labarin yadda 'yan kallo kan yi wa bos ihu, su tafa wa jarumi, wani har ya miƙe yana gargaɗinsa cewa ga mugu nan a bayansa. Wancan zamani ne na filin Allah. Bayan buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014, Kanawa sun san sinima mai rufi da sanyi da gugguru, inda raɗar mutum ɗaya kan isa layi uku. A irin wannan wuri a kashe ƙarar waya, a rage haskenta, a amsa kira a waje.

Kada ka ɗaga waya ka naɗi fim daga allo. Sata ce, kuma ita ta durƙusar da kasuwar masu shirya finafinan Hausa da yawa. Dariyar da ka yi, wani ne ya ci bashi ya shirya maka ita.

Kada a yi oda da ido. Yunwar bayan wasa maƙaryaciya ce, za ta ce a kawo kaji huɗu alhali biyu da bandashen gurasa sun isa. A sayi kaɗan, in bai isa ba a ƙara. Tsire da balangu a sa a mayar da su kan wuta a gabanka. Kunun aya da fura da nono ba sa jure zafin but ɗin mota; in ba kula da ƙanƙara, a saya a inda za a sha. In an zauna a tire ɗaya, ci gabanka, kada hannunka ya riƙa yawo yana farautar tsoka, kuma kada ka tsare mutane da yunwa wai sai ka ɗauki hoton abinci. Tsarabar uwargida daga aljihunka za ta fito, ba daga asusun taro ba.

Kada ka sa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp sai ka tambaye shi. Wani bashi ake bin sa, ganinsa da cinyar kaza a hannu zai ja masa sallama da sassafe.

In bakin ruwa aka nufa, irin su Tiga, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a tudu, kuma kada wanda ya zuga shi. Kada a cika kwalekwale fiye da ƙima don a rage kuɗi. Mutanen Bagwai ba su manta da hatsarin kwalekwalen ƙarshen 2021 ba.

A kwashe leda da gorar ruwa da tsinken tsire kafin a tashi.

A kama hanyar gida da sauran haske. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, saboda haka wanda ba shi da abin hawa ya dogara ne da A Daidaita Sahu ko da ku, kuma masu ƙwacen waya sun fi son duhu. Mai mota a ba shi kuɗin mai ba sai ya roƙa ba, shi kuma ya sauke kowa a bakin layinsu. Ma'aji ya kawo lissafi kafin a watse, ko naira hamsin ce ta rage ya faɗa a gaban kowa. Wanda sharaɗin farko ya yi wa tsauri, ya yi zamansa a gida, za mu turo masa hoto.